Kafin motar asibiti ta iso, wa ke bakin hanya?

Makonni uku ke nan abin yana cina a rai. Mun taso daga Birnin Kebbi za mu Yauri ta'aziyya, muka yi latti, magariba ta same mu bayan mun wuce Maiyama. A wata 'yar kwana muka tarar da motar haya ta yi adungure, ta kwanta rabinta a kwalta rabinta a gefe. Waɗanda suka ga faruwar abin sun ce taya ce ta fashe.

Kafin mu buɗe ƙofa mutanen ƙauyen da ke kusa sun riga sun cika wurin. Maza da samari, har da yara. Wasu na jan mutane ta taga, wasu na kwara wa wanda ya suma ruwa, wata tsohuwa na salati. Motocin da suka tsaya kuwa kowa ya faka inda ya ga dama, biyu daga ciki a kan hanya sosai. Duhu ya fara shiga. Duk idanunmu na kan motar da ta faɗi, babu wanda ya waiwaya bayansa. Ni ma ina cikinsu, tsaye a tsakiyar kwalta, ban waiwaya ba.

Sai ga tirela da lodi daga wajen Jega. Direban ya shawo kwana ya ga taro a gabansa. Har yanzu ina jin ƙarar birkin nan. Ya kauce iya ƙoƙarinsa, Allah ya tsare taron, amma gefen motar ya kwashe wani saurayi ɗan kabu-kabu da ya jingine babur ɗinsa ya zo taimako. Ƙafarsa ta karye wuri biyu. Shi da ya zo ɗaukar wasu, shi aka fara ɗauka.

Bayan an kwashe kowa na tambayi wani dattijo da ya fi kowa ƙoƙari a wurin ko an taɓa zuwa an nuna musu abin da ake yi idan haɗari ya faru. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, shekarata talatin ina ɗaukar mutane bisa hanyar ga. Babu wanda ya taɓa ce min ga yadda a kai. Abin da munka ga ya dace shi muka yi."

Maganar dattijon nan ce ta sa ni wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, a hanyoyinmu na Kebbi wanda ke fara isa wurin haɗari ba jami'i ba ne. Manomi ne, ɗan kabu-kabu ne, direban da ke bin baya ne, mai shayin bakin hanya ne. Tausayi suna da shi, ƙarfin hali suna da shi, abin da aka hana su shi ne sani. Don haka ina ganin wajibi ne gwamnatin jiha, ƙananan hukumomi da masarautu su ɗauki horar da waɗannan mutane a matsayin aiki na dindindin. Kuma darasin farko da za a koya musu, tun kafin a zo maganar jini da karaya, shi ne yadda za a tsare wurin don kada haɗari ɗaya ya haifi na biyu.

Hanya tukuna, sannan majinyaci

Wannan shi ne abin da ya fi wuyar shiga zuciya. Kana jin mutum na kururuwa a cikin mota, a ce maka ka juya masa baya ka ruga ka tare hanya? Zuciya ba ta yarda. Amma mu yi lissafi.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gane abin da idonsa ya gani ya kai ƙafa kan birki, daƙiƙa ɗaya ko biyu ta wuce. Bayan ya taka, motar za ta ƙara jan wasu mita hamsin ko fiye kafin ta tsaya, wannan ma idan kwalta a bushe take kuma tayoyin na da kyau. Idan ka haɗa, kusan tsawon filin ƙwallo guda ke nan. Ƙaramar mota fa nake magana. Tirelar da ta ɗauko albasa daga Aliero, ko shanu, ko buhunan shinkafa za ta Kudu, nata ya fi haka nesa ba kusa ba.

To ina muke ajiye alamarmu? Ganye biyu da dutse ɗaya, taku goma daga bayan mota. Direban da ya ga ganyen nan ya riga ya iso. Alamar da aka ajiye taku goma ba ta gargaɗi kowa ba, sai dai ta zama shaida bayan an yi ɓarna.

Abin da ya kamata duk wanda ya fara isa ya sani ba shi da yawa. Ka wuce wurin kaɗan ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, ka kunna fitilun nan huɗu masu ƙiftawa. Ka kama mutum biyu masu kuzari, ka tura ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne ya yi taku ɗari ko fiye, da tocila ko farin ƙyalle a hannu. Idan akwai kwana ko tudu, sai ya wuce kwanar ya tsaya inda mai zuwa zai hango shi tun daga nesa. Ya tsaya a gefe, fuskarsa na kallon motocin da ke zuwa, kuma ya san inda zai yi tsalle idan wani bai tsaya ba. Alamar nan mai kusurwa uku da doka ta ce kowace mota ta riƙe, can ne wurinta, ba jikin bamba ba. Sannan a kashe injin motar da ta faɗi, a hana kowa kunna taba, a kori yara da 'yan kallo daga kan hanya.

Duk wannan bai fi minti biyu ba idan mutane sun san shi. Da mutum ɗaya tak a cikinmu ya san shi daren nan, da yaron nan yana kan babur ɗinsa yau yana neman abinci.

Da dare abin ya fi muni, domin fitilar mota ba ta nuna mai baƙaƙen kaya sai an matso kusa da shi, ga kuma hasken motar da ke tahowa ta ɗaya hannun yana kashe ido. Lokacin hunturu hazo na ƙara nasa. Rigar nan mai ƙyalli da leburorin hanya ke sawa ba ta da tsada, amma ita ce bambancin mutumin da aka hango da wanda aka ji ƙarar bugunsa.

Akwai kuma ƙarshen aiki da kowa ke mantawa. An kwashe majinyata, janwe ya ja mota, kowa ya watse, amma duwatsu da rassan itacen da aka jera suna nan a kan kwalta, ga fasassun gilasai, ga baƙin mai ya malale. Da tsakar dare mai babur zai zo ya hau kansu. Duk mai bin hanyar Koko zuwa Yauri ya sha ganin irin waɗannan duwatsu da babu mai su. Wanda ya sa alama, shi ke da alhakin kwashe ta.

Hannun da ya zo ceto

Na ga yadda aka fito da wani mutum daga motar nan. Ɗaya ya kama hannuwa, ɗaya ya kama ƙafafu, kansa na reto, aka naɗe shi aka tura bayan wata ƙaramar mota. Waɗanda suka yi haka don Allah suka yi. Amma idan ƙashin wuya ko na baya ya tsage, irin wannan ɗauka ce ke ƙarasa tsinke laka. Mutumin da zai iya warkewa ya tashi da ƙafafunsa sai ya ƙare rayuwarsa a kwance, iyalinsa su ce haɗari ne ya shanye shi, alhali hannun masu taimako ne.

Idan babu wuta kuma babu wata mota da ke shirin hawa kansa, gaggawar fizgo mutum ba ta da amfani. Mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu kada ya juya, sauran su ɗaga jikin a miƙe lokaci ɗaya, a ɗora shi kan abu mai faɗi da tauri. Ƙyauren ɗaki ya isa, katakon bencin mai shayi ya isa.

Sai ruwa. A wurinmu ba wa wanda ya wahala ruwa shi ne farkon tausayi, shi ya sa hannu ke zuwa kan leda tun kafin tunani. Amma wanda hankalinsa bai dawo daidai ba yana iya shaƙewa ruwan ya bi hanyar numfashi, kuma wanda za a shiga da shi tiyata an fi son cikinsa babu komai. A jiƙa masa leɓe, a yi masa magana mai daɗi, a rufe shi da mayafi. Wanda ya suma amma yana numfashi, a juya shi kan gefensa a hankali, kai da jiki tare, don kada harshe ko amai ya toshe masa maƙogwaro.

Jini kuwa danna shi ake yi. Ƙyalle mai tsabta, rawani ko ɗankwali ko riga, a ninka a danna kan raunin da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. Idan ya jiƙe a ƙara wani a kai. Na sha ganin ana zuba ƙasa, wasu man birki, wasu toka. Duk waɗannan aiki suke ƙara wa likita, kuma ƙasa na iya shigar da ciwon tetanus mai sarƙe haƙora wanda ke kashewa bayan raunin ya fara kamewa.

Wani abin da ba a sani ba sai an koya: mai ihu yana numfashi. Wanda ya yi shiru a gefe shi ya kamata a fara dubawa. Mu kuwa kowa wurin mai ihu yake rugawa. Haka kuma a tambayi direba ko fasinja mutum nawa ne a motar, a ƙirga, domin motar da ta yi adungure takan wurgar da mutum cikin ciyawa, musamman ƙaramin yaro, ba a ganinsa sai gari ya waye.

Ban manta da masu ɗori ba. Mutanen Aliero sun yi suna a wannan sana'a tun kaka da kakanni, kuma jama'a sun yarda da su. Ni ina ganin su ma a kira su cikin horon nan, saboda wurinsu ake fara kai mai karaya. Wanda ya san cewa ciwon ciki bayan haɗari, ko amai, ko barcin da ba a iya tayar da mutum, alamar jini ne ke zuba a ciki, zai ce a wuce asibiti tukuna, ɗori ya biyo baya.

Idan tanka ce ta faɗi

A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Mutane suka fito da jarkoki da bokitai. Ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. Wata uku kacal bayan haka, a Janairun 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, sama da mutum 80 suka tafi. A duka biyun, faɗuwar motar ba ita ta yi kisan ba. Taron da ya biyo baya ne wuta ta samu.

Hanyar da ta taso daga Kontagora ta bi Yauri, Koko, Jega ta nufi Tambuwal da Sakkwato, tankoki ke bin ta dare da rana. Abin da ya faru a Majiya babu abin da ya hana shi faruwa a kowane gari na bakin wannan hanya.

Na san za a ce talauci ne, kuma gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023 jarka ɗaya ta zama dukiya. Amma akwai rashin sani a ciki. Mutane na ɗauka ruwan fetur ne ke kamawa, don haka idan ba ka taɓa shi da ashana ba ka tsira. Tururinsa ne ke kamawa, kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana gangarawa cikin kwalbati da lambatu har inda ido bai kai ba. Tartsatsin bokitin ƙarfe, babur da aka tayar, janareta, murhun mai ƙosai can gefe, kowanne ya isa.

Jami'i biyu ba za su iya tare mutum ɗari biyar ba. Amma mai unguwa da liman da shugaban samari, idan sun san abin da ke tafe kuma an riga an yi maganar a masallaci tun kafin ranar, suna iya mayar da mutanensu baya. Mutum ya fi jin muryar da ya saba da ita.

"Ai kwana ne ya ƙare"

Wannan ita ce amsar farko da nake samu idan na kawo maganar horon nan. Na yi imani babu rai da zai wuce lokacinsa. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, shi ne kuma ya sa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Idan kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce, to tsayawa da tocila a tare tirela kada ta hau kan Musulmi ashirin fa?

Kuma ba mutuwa kaɗai ake magana ba. Yaron nan bai mutu ba. Zai yi watanni a kwance, ba ya kawo komai gida, ana kashe abin da babu. Wanda aka tsinke wa laka bai mutu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wurin kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Bayan kowace gawa akwai wasu da yawa da suka rayu da naƙasa, kuma su ba a zuwa musu ta'aziyya.

"Aikin hukuma ne"

Haka ne, kuma ba na neman a sauke musu nauyi. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tun 1988, tana da lambar kiran gaggawa 122 kyauta, ga kuma 112 ta ƙasa baki ɗaya. Na sha ganin jami'anta suna aikin da ba kowa zai iya kallo ba. Amma jihar nan na da ƙananan hukumomi 21, daga Kamba zuwa Zuru tafiya ce ta yini. Ko an ninka yawan jami'ai da motocinsu, ba za su riga mutumin da gonarsa ke bakin hanya isa ba. Wanda jini ke tsiyaya daga babbar jijiyarsa mintuna yake da su. Wanda numfashinsa ya toshe bai kai haka ba.

Ko kiran ma sai an koya. Mutum ya kira yana ihu "an yi haɗari, ku zo", a tambaye shi ina, ya ce "nan bisa hanya". A koya masa ya faɗi garin da ya wuce da wanda ke gaba, mota nawa, mutum nawa, akwai wanda ya maƙale, akwai mai da ke zuba.

Su kansu masu kaki akwai abin da nake ganin ya rage musu. Idan babban haɗari ya faru za ka ga 'yan sanda, jami'an kiyaye haɗurra, 'yan kwana-kwana, sibil difens, wani lokaci da sojoji, kowa da horon gidansu, kowa da ogansa. Wa ke tare hanya? Wa ke magana da asibiti? Wa zai ce a buɗe hannu ɗaya motoci su fara wucewa? Sau da yawa a wurin ake fara tattauna wannan, motocinsu kuma a fake barkatai.

A Amurka sun gane wannan matsala, tun 2012 hukumar manyan hanyoyinsu ke gudanar da wani horo na 'yan awoyi inda ake zaunar da ɗan sanda, ɗan kwana-kwana, ma'aikacin motar asibiti da direban janwe a aji ɗaya. Ana koya musu abu ɗaya: yadda za a gicciye babbar mota ta zama garkuwa ga masu aiki, inda kowa zai faka, wanda zai jagoranta, da yadda za a buɗe hanya da wuri, domin duk mintin da hanya ta ƙara a toshe dama ce ga wani haɗarin. Dukkan jihohinsu 50 kuma suna da dokar da ta tilasta wa direba ya rage gudu ko ya canja hannu idan ya hango motar agaji a tsaye. Ba na cewa mu kwafo komai nasu, hanyoyinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Amma zaunar da jami'an Jega a ɗaki ɗaya yini guda, tare da shugabannin tasha, su san juna kafin ranar tashin hankali, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

"Ɗan sani ya fi jahilci haɗari"

Wani abokina ma'aikacin jinya ne ya kawo wannan, kuma ita ce hujjar da na fi ɗauka da nauyi. Tsoronsa shi ne a ba mutum takardar shaidar kwas na yini ɗaya, gobe ya fara ɗaukar kansa likita.

Na ce masa, Malam, mutanen nan sun riga suna yin aikin. Ko an horar da su ko ba a horar ba, gobe idan mota ta faɗi su za su ɗauka. Rabin horon ma hani ne: kada ka ja, kada ka shayar, kada ka zuba, kada ka tsaya nan. Babu allura a ciki, babu magani.

An kuma gwada a maƙwabta. A Gana, wajen ƙarshen shekarun 1990, likitoci sun lura direbobin haya ne ke kawo yawancin waɗanda suka ji rauni asibiti, sai suka horar da direbobi 335 a kwas na awa 6, da nuni da gwaji a aikace saboda da yawansu ba su yi boko mai zurfi ba. Da aka bi sawun wasu daga cikinsu daga baya, an tarar da yawansu sun yi amfani da abin da suka koya, kuma yadda suke tsare wurin haɗari da tsayar da jini ya inganta. Direban Kumasi bai fi direban tashar Jega kaifin ƙwaƙwalwa ba.

Inda na yarda da abokina shi ne horo sau ɗaya ba ya zama. A riƙa maimaitawa duk shekara, da Hausa, da Dakarci a ƙasar Zuru, da Zabarmanci da Fulatanci inda ake jinsu, a filin tasha da tsohuwar mota a gabansu, ba a ɗakin taron otal ba.

Tsoron abin da zai biyo baya

Akwai waɗanda ke ganin haɗari su ƙara wuta su wuce, ba don rashin imani ba. Suna tsoron su kai mutum asibiti a riƙe su, a ce su biya, ko su kawo takardar 'yan sanda, ko a wayi gari su ne ake tuhuma. Ya taɓa faruwa da wani ɗan'uwana, ya yini a wani ofishi yana rantsuwar ba shi ya buge mutumin da ya ɗauko ba.

Doka tana gefen mai taimako fiye da yadda mutane suka sani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke buƙatar kulawar gaggawa bisa kowane dalili, har da hukuncin tara ko ɗauri. Amma dokar da ke cikin takarda ba ta isa ƙofar asibiti da ƙarfe biyun dare. Shi ya sa nake son wanda aka horar ya samu riga da katin shaida da jami'an yankinsa suka sani, kuma kwamishinan 'yan sanda da na lafiya su fito a rediyo su faɗa da bakinsu cewa wanda ya kawo majinyaci a karɓi bayaninsa a sallame shi.

Sai maganar tsaro, wadda ba zan yi kamar babu ita ba. Akwai hanyoyin da mutum ba zai tsaya da dare ba ko me ya gani, musamman wajen iyakarmu da Zamfara da Neja, kuma ba zan zarge shi ba. Wanda bai aminta da wuri ba ya wuce, ya kira, ya sanar a shingen jami'ai na gaba ko garin farko da ya isa. Wannan ma yana ƙara nuna cewa mazauna wurin ne ya fi dacewa a horar, don su sun san bambancin haɗari da tarko.

Wa za a fara da shi

Ba sai an kafa sabuwar hukuma ba, mutanen suna nan a tsare. Ƙungiyar direbobi na da reshe a kowace tasha. 'Yan kabu-kabu na da shugabanni. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini, da muke gani suna tsara sahu ranar Idi da wurin tafsiri, sun riga sun saba da ladabi da bin umarni. Ga 'yan banga, ga 'yan sa-kan Red Cross, ga masu faci da masu sayar da mai a bakin hanya waɗanda ba sa barin wurin. Masarautun Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru na da hakimai da dagatai da masu unguwanni har ƙauyen ƙarshe. Idan sarki ya ce kowane gari na bakin kwalta ya kawo mutum goma, za a kawo.

Kuma a sa mata. A daren nan akwai wata mata da jini ke zuba daga cinyarta, maza suka tsaya cirko-cirko, kowa na jin nauyin taɓa ta, har sai da wata fasinja daga motarmu ta cire mayafinta ta danne wurin. Lalura ta halatta wa namiji ya ceci rai, malamai su faɗi wannan a fili. Amma mun san mutanenmu, don haka kowane ƙauye a samu ungozoma ko ma'aikaciyar ɗakin shan magani da ta san abin yi.

Kayan aikin akwati ɗaya ne: riguna masu ƙyalli, tocila biyu, alamun hanya, safar hannu, bandeji, almakashi, da katako mai faɗi na ɗaukar mutum. A ajiye shi inda ba a kullewa, gidan mai unguwa ko shagon mai faci. Kuɗin mota ɗaya ta ayarin manya zai sayi irin wannan akwati ga kowane gari daga Jega har Yauri.

Yanzu ana aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, kuma za ta ratsa Kebbi. Ina murna da ita. Sai dai sabuwar kwalta gudu take ƙarawa, kuma za ta bi ta ƙauyukan da ba su taɓa ganin mota na gudun kilomita 120 a ƙofar gida ba. Ina roƙon majalisar jiha da ma'aikatun ayyuka da na lafiya su sa horar da mutanen waɗannan garuruwa cikin lissafi tun yanzu, a gama shi kafin ranar yanke ƙyalle.

Satin da ya wuce na koma ƙauyen na duba yaron. Yana kwance a zaure, ƙafar a ɗaure, babur ɗin a jingine an rufe shi da buhu. Na kai wa dattijon nan riguna huɗu masu ƙyalli da tocila biyu, muka fita tare har kwanar, muka ƙirga taku ɗari da hamsin ta kowane gefe, ya sa aka dasa dutse fari a gefen hanya inda mai tarewa zai tsaya. Da zan tafi ya ce, "Ɗana, wanga mun gane shi. Saura a turo muna wanda za ya gwada muna yadda aka ɗaukar mutum."